Darasi: Rauni a Haɓa, Ɓarna a Gindin Kunne

Yaro ya faɗo daga kan jaki, ko daga reshen mangwaro, ko ya zamo daga bayan amalanke ana dawowa daga gona. Haɓa ce ta fara dukan ƙasa. Fata ta tsage, jini ya zuba, aka wanke, aka kai shi aka yi masa ɗinki, ko aka barbaɗa masa magani a gida. Bayan mako biyu wuri ya warke, sai ɗan tabo a ƙarƙashin haɓa. Maƙwabta suka zo jaje, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Daga Unguwar Lalle har Gatawa, daga Sabon Birni har Isa, da wuya a sami gidan da bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma galibi a nan maganar take mutuwa.

A wasu yaran kuwa ba ta mutuwa. Bayan wata shida ko shekara, sai uwa ta lura lomar da yaron ke kaiwa baki sai ƙanƙancewa take yi. Ya daina gatsar rake. Idan ya yi hamma, bakin ba ya buɗewa kamar na 'yan'uwansa. Ana nan ana cewa zai sake, har a wayi gari ko bakin cokali ba ya shiga tsakanin haƙoransa. A lokacin kowa ya manta da faɗuwar bara, sai a shiga maganar iska ko sammu ko kambun baka. Alhali sabon ƙashi ne ya tsiro a inda bai kamata ba, ya haɗe muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai.

Inda gaɓar take

Kowa ya ajiye alƙalami tukuna. Ku ɗora manuniya a gaban kunne, hagu da dama, daidai gaban ɗan guringuntsin nan da ke tsare ƙofar kunne. Ku buɗe baki a hankali, ku rufe. Za ku ji wani ɗan dunƙule yana zamewa gaba, yana barin ɗan rami a ƙarƙashin yatsa, sannan ya dawo mazauninsa. Wannan dunƙulen shi ne kan muƙamuƙi, ramin da yake zama ciki kuwa a jikin ƙoƙon kai yake. Tsakaninsu Allah ya shimfiɗa wani ɗan faifan guringuntsi wanda ke hana ƙashi taɓa ƙashi, ga kuma ɗan ruwa mai santsi, duk a cikin wata jaka mai ƙarfi da ta lulluɓe gaɓar.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko, muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne tun daga wannan kunne har wancan, da kai biyu. Saboda haka idan gefe ɗaya ya kafe, lafiyayyen gefen ma ba shi da ta cewa, baki duka ne zai rufe. Na biyu, buɗewar baki tana da ma'auni, kuma ma'aunin yana hannunku. Lafiyayyen baligi yana buɗe baki milimita 35 zuwa 50 tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Ba sai an nemi rula ba: mutum ya jera yatsunsa uku, manuniya da na tsakiya da mai bi masa, ya sa su a tsaye tsakanin haƙora. Idan sun shiga, lafiya lau. Yaro da nasa yatsun ake gwada shi, ba da na babba ba.

Yadda bugun haɓa ke isa kunne

Duk wanda ya taɓa faskare ya sani, idan gatari ya kuskure ice ya sari dutse, a tafin hannu ake jin raɗaɗin, domin ƙarfin bugun ƙota yake bi har ya isa inda aka riƙe. Haka muƙamuƙi yake. Haɓa ce ke dukan ƙasa, amma ƙarfin yana bin ƙashin ta gefe biyu har ya tsaya a gaban kunne, inda kan muƙamuƙi zai daki ƙoƙon kai. Ido yana kan jinin da ke zuba a haɓa, ɓarnar kuwa tana can inda ba tabo ko ɗaya.

A jikin babba, wuyan da ke ɗauke da kan muƙamuƙi siriri ne, shi yakan karye, a wajen gaɓa. Ƙaramin yaro ba haka nasa yake ba. Wuyan gajere ne mai kauri, kan kuwa mai taushi ne, cike da ƙananan hanyoyin jini. Idan bugu ya zo, kan ne yake murƙushewa a cikin jakar gaɓa. Jini ya cika wurin, ɓarɓashin ƙashi ya watsu a ciki, wani lokaci faifan guringuntsin nan ya yage ko ya goce daga mazauninsa. Wannan ne ya sa cutar ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara goma.

Daga nan jiki zai fara gyara, kuma gyaran ne kansa ke zama matsala. Ko'ina ƙashi ya karye, jini yakan daskare a wurin, daskararren jinin ya zama wani nama mai tauri kamar jijiya, naman kuma a hankali ya rikiɗe ya zama ƙashi. Da haka karayar hannu ko ƙafa take haɗewa, kuma abin da ake so ke nan. To amma a cikin gaɓa, idan faifan da ke raba ƙashi biyu ya goce, ga ɗanyen rauni a sama ga ɗanyen rauni a ƙasa suna fuskantar juna, jiki ba ya bambance wanda ya kamata ya haɗe da wanda ya kamata ya bari. Sai ya gina gada tsakanin muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Da farko gadar ta nama ce, baki yana ɗan motsi. Idan aka bar ta, sai ta zama ƙashi zalla, wani lokaci dunƙulen da ya fi asalin kan muƙamuƙin girma nesa ba kusa ba, har a ji shi da yatsa a gaban kunne.

Abin da ke hana gadar nan kafuwa shi ne motsi. Gaɓar da ke buɗewa tana rufewa kullum ba ta ba sabon ƙashi damar kamawa. Ga shi kuwa duk abin da tausayi ke sa mu yi yana taimaka wa ƙashin ne. Yaro yana jin zafi, ya ƙi buɗe baki. Uwa ta ji tausayi, ta mayar da shi kan kunu da fura wata da watanni. Wani ya ba da shawara a ɗaure masa haɓa da ɗankwali har bisa kai. Idan aka kai shi wurin maɗori, shi kuma abin da ya gada ke nan: a ja, a daidaita, a ɗaure, kada a motsa. Ba raina sana'ar ɗori nake yi ba, amma wannan gaɓar ba ta bin ƙa'idarsu. Ko a asibiti, idan likita ya ga dole a ɗaure haƙoran yaro da waya saboda karayar kan muƙamuƙi, ba ya yarda abin ya daɗe, mako ɗaya ne zuwa biyu ya kwance, a shiga motsa baki. Sau da yawa ma ba ya ɗaurewa sam.

Sai kuma yaudarar da ta fi kowace: idan ƙashin ya gama haɗewa, zafi yakan tafi. Yaro ya daina kuka, ya koma wasa, gida a ce an samu sauƙi. Rashin zafi a nan ba alamar warkewa ba ce. Wurin ya daina motsi ne, shi ya sa ya daina ciwo.

Abin da ke biyo baya

Kan muƙamuƙi yana daga cikin wuraren da ƙashin ke girma. Idan ya lalace tun yaro yana ƙarami, fuska za ta ci gaba da girma, wannan gefen kuwa ya tsaya. Haɓa sai ta karkata zuwa gefen da ya ji rauni. Idan gefe biyu ne, haɓar gaba ɗaya takan tsaya a baya, ƙarama, haƙoran sama su fito gaba. Gwargwadon ƙuruciyar yaro lokacin da abin ya same shi, gwargwadon yawan canjin fuska.

Wannan ba maganar kyau ba ce kawai. Ƙaramin muƙamuƙi yana tura harshe baya, ya matse hanyar iska. Irin wannan yaro yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya riƙa tsayawa yana dawowa cikin barci, da rana ya yi ta gyangyaɗi a makarantar allo ana ce masa malalaci. Asuwaki ko buroshi ba sa isa cikin baki, haƙora su ruɓe, su yi ta ciwo ba hanyar cirewa. Abinci ta ɗan gurbin haƙorin da ya faɗi yake shiga, ko ta bayan turame, sai rama da tamowa. Kuma idan amai ya taso wa wanda bakinsa ba ya buɗewa, yana iya komawa huhu.

Hankalinsa kuwa lafiya lau yake. Yana ji, yana fahimta, yana magana ta tsakanin haƙora ana ganewa. Ina faɗin haka ne don akwai gidajen da ke cire irin waɗannan yara daga karatu, musamman 'yan mata, a ɓoye su a ɗaki don kunyar idon mutane. Ba abin da ya sami ƙwaƙwalwarsu, kuma cutar ba a ɗaukar ta ta cin abinci kwano ɗaya.

Ba faɗuwa kaɗai ba

Gaɓar nan maƙwabciyar kunne ce, ɗan siririn ƙashi ne ya raba su. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa ko mugunya ba a yi magani ba, ƙwayoyin cutar na iya tsallakawa su ci gaɓar, ta warke da haɗewa. Haka ma ƙurjin haƙori idan ya yi tsanani ya bazu.

A ƙasarmu akwai hanya ta uku da ba a cika gani a ƙasashe masu wadata ba, wato cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da dasashi mai zubar jini da warin baki, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta ci nama da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma idan ba magani, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. Da wuri kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Waɗanda suka tsira, tabon kunci yakan takure ya janye baki ya rufe, wani lokaci sabon ƙashi ya tsiro a cikin tabon ya haɗe muƙamuƙin ƙasa da na sama ko da ƙashin kunci. A nan gaɓar kanta tana iya zama lafiya, kullewar daga waje take.

Likitocinmu sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun a 1983 Farfesa Adekeye, wanda ya yi aikin tiyatar baki da fuska a Kaduna, ya wallafa bayani a kan mutum 76 masu haɗaɗɗen muƙamuƙi. Nijeriya ce kuma ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa cutar noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a watan Disamba na 2023.

Kada kuma a rikita wannan da sarƙe-haƙora, wadda ma'aikatan asibiti ke kira tetanus. Ita cikin kwanaki take kulle baki bayan an taka ƙusa ko ƙaya ko an yanke cibiya da ƙazamin abu, tana zuwa da sandarewar wuya da baya da fizge-fizge. Wannan ba ta jira, a ranar ake kai mutum asibiti. Haɗewar ƙashi kuwa a hankali take zuwa, wata da watanni, ba zazzaɓi ba fizga.

Kwanakin farko bayan faɗuwa

Duk yaron da ya daki haɓa, bayan an tsayar da jini, a duba gaban kunnuwansa. A danna a hankali, a tambaye shi ko da zafi, a duba ko akwai kumburi. A ce ya cije haƙora: suna haɗuwa kamar da, ko wani gefe yana riga wani, ko na gaba sun bar tazara? A ce ya buɗe baki, a kalli haɓa ko tana karkata gefe guda. Idan aka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, ɗinkin haɓa bai gama aiki ba. Idan kuwa jini ko farin ruwa na fita daga kunne, ko yaron ya suma, ko yana ta amai, to wataƙila kan ma ya taɓu, kada a ɗiga mai ko wani magani a kunnen, a tafi asibiti nan take.

A ƙaramin asibiti aiki yana da yawa, ma'aikaci zai iya ɗinke fata ya sallame ku. Ba laifi ba ne ku yi magana. Ga misalin yadda uwa za ta iya cewa:

"Likita, sannu da ƙoƙari. Haɓa ya daka, amma tun jiya yana nuna mini gaban kunne, kuma haƙoransa ba sa haɗuwa kamar da."

"To, Inna, bari in taɓa wurin. Yaushe ya faɗi?"

"Shekaranjiya da la'asar, daga kan jaki. Don Allah ko za a rubuta mana takarda mu je a ɗauki hoton ƙashin?"

Uwar nan ta faɗi ranar faɗuwa, ta faɗi inda ya daka, ta faɗi abin da ya canza. Abin da ma'aikacin lafiya ke bukata ke nan. Daga asibitin sha-ka-tafi akan tura mutum babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, daga can kuma Sakkwato idan ana bukatar likitan baki da fuska. Hoton ƙashi na yau da kullum ba koyaushe yake nuna karayar kan muƙamuƙin yaro ba, shi ya sa likita kan nemi hoton da ke nuna muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne, ko hoton siti-sikan.

Yawancin yaran da aka gano da wuri ba sa bukatar tiyata. Maganin rage zafi ne, da abinci mai laushi na 'yan makonni, da motsa baki. A fara da kunu da fate da tuwo mai taushi, amma kada a daɗe a nan. Zafi na raguwa, a mayar da yaro kan abin da ake taunawa. Kullum a sa shi ya buɗe baki iyakar iyawarsa, ya kai haɓa hagu, ya kai dama, ya turo ta gaba, sau da yawa a yini. Kowace Juma'a a yi gwajin yatsu uku, a ci gaba da haka har shekara ta zagayo. Ranar da aka ga yatsu uku sun koma biyu, a koma asibiti, kada a jira su koma ɗaya.

Idan ƙashi ya riga ya haɗe

A nan sai in yi magana ba ɓoye-ɓoye. Ƙashin da ya haɗe ba ya narkewa da shafe-shafe ko turare ko gashi da ruwan zafi. Tsagar wanzami da ƙaho ba sa kai gare shi. Masu cusa cokali ko ice su banƙara, haƙora kawai suke karyawa. Addu'a tana nan a matsayinta, a yi ta, a kuma kama hanya, domin abin da ke buɗe wannan baki tiyata ce.

A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake da likitocin tiyatar baki da fuska. Akwai kuma asibitin yara masu cutar noma da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma masu cutar noma kyauta ake yi masu aiki a can. Ana irin wannan tiyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. 'Yan'uwanmu da ke tsallaken iyaka, har da waɗanda rashin tsaro ya kora jihar Maraɗi tun daga 2019, su fara da asibitin da ke kusa da su a nemi takardar turawa. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da yara masu cutar noma.

Me ya sa ba a yin aikin a ƙaramin asibiti? Saboda barci. Kafin a yi wa mutum babbar tiyata, ana sa masa bututun numfashi ta baki zuwa maƙogwaro, ga shi nan bakin ba ya buɗewa. Dole a bi ta hanci da wata siririyar na'ura mai fitila da madubi, ko a huda ƙaramar ƙofa a gaban wuya ta ɗan lokaci. Wannan sai ƙwararre da kayan aiki.

Likita yana yanka a gaban kunne, yana kaffa-kaffa da jijiyar da ke ɗaga gira da rufe ido, domin ta nan ta bi. Ya sassaƙe dunƙulen ƙashin, ya bar tazarar kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Don kada ƙashi ya sake tarar da ƙashi, yakan shimfiɗa wani abu a tsakani, ko tsokar gefen kai, ko kitsen da aka ɗebo daga cikin mara lafiyar kansa. A yara wani lokaci akan yanko ɗan ƙashin haƙarƙari tare da guringuntsinsa a dasa a madadin kan muƙamuƙin da ya lalace, da fatan ya yi girma tare da yaron. A 1990 wani likitan Amurka, Leonard Kaban, da abokan aikinsa suka wallafa tsarin aikin da likitoci da yawa ke bi har yau. Tsarin ya ce a cire ƙashin sosai ba tsakure ba, a tabbatar baki ya buɗe kamar milimita 35 tun mutum yana kan gadon tiyata, sannan matakinsa na ƙarshe ba na wuƙa ba ne: a fara motsa baki da wuri, kuma a matsa.

Iyaye kan tambaya ko a bari yaro ya girma tukuna. Akwai dalili ta kowane gefe. Buɗewa da wuri tana ba yaro damar ci da numfashi da girma, amma ƙananan yara sun fi saurin sake haɗewa. Wannan hukuncin likitan da ya ga hoton ne. Naku shi ne ku kai yaron a gan shi yanzu, ko da za a ce ku dawo baɗi.

Aikin da ke jiranku a gida

Jikin da ya gina ƙashi sau ɗaya a shirye yake ya sake ginawa, kuma sabon yankan likita ma rauni ne. Babban abin da ke mayar da mutane gidan jiya shi ne barin motsa baki bayan an sallame su. A asibiti za a ba ku 'yan katakan nan masu faɗi da likita ke danne harshe da su. Ana jera su ɗaya bisa ɗaya, a sa tsakanin turame, a bar su na ɗan lokaci, sannan a zura ƙarin ɗaya a tsakiyar jerin. Sau da yawa a yini ake yi, gwargwadon yadda aka koya maku, aƙalla wata shida, sau da yawa har shekara ko fiye. A rubuta yawan katakan a bayan katin asibiti kowane mako. Cingam da ɗan abin taunawa suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin katako.

Akwai zafi, yaro zai yi kuka. A nan ne aiki ke lalacewa, domin uwa ita kaɗai ba za ta iya jure sa ɗanta kuka safe da yamma wata shida ba, ga surutun masu cewa ta bar yaro ya huta. A ganina wannan aikin na maigida ne tare da ita. Uban da ya sayar da akuya ko buhun gero ya biya kuɗin mota da na magani, bai kamata ya bar sauran aikin ya zube don kukan minti biyar ba. A haɗa abin da lokutan salla don kada a manta, a ba da maganin rage zafi kafin a fara idan likita ya rubuta, a yaba wa yaro ranar da katako ya ƙaru. Idan damina ta zo aikin gona ya yi yawa, a ɗora wa kaka ko yaya alhakin tunawa.

Hanya da ciki kafin ranar tiyata

Kowa a nan ya san halin rashin tsaro da hanyoyinmu suke ciki, ba sai an faɗa wa mutumin Gobir ba. Sauƙin da ke ciki shi ne, tiyatar haɗaɗɗen muƙamuƙi rana ake sa mata. Ana iya shiryawa, a nemi labarin hanya, a tafi da rana cikin jama'a, a karɓi lambar wayar sashen da za a je don kada a yi tafiyar banza. A riƙe kati da hotunan ƙashi a leda, a tafi da su duk inda ƙaura ta kai mutum. Wanda ba shi da hali ya tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ya kuma kai kukansa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato.

Likita ba zai yi wa ramammen yaro babbar tiyata ba, sai ya yi ƙwari. Saboda haka a gyara abin da ke shiga ta ɗan wurin da ya rage. Kunu zalla ruwa ne da gari. A dama shi da gyaɗa ko waken suya, a zuba nono ko madara, a fasa ƙwai a ciki yana kan wuta, a daka busasshen kifi ko zogale a tankaɗe a zuba a miya mai ruwa. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, yana zaune, ba a kwance ba. Bayan kowane ci ya kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Idan amai ya taso, a kwantar da shi a gefe, kai ya ɗan yi ƙasa, a ja kunci don abin ya sami hanyar fita.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ma'aikacin lafiya, ɗaya ya zama mahaifin yarinyar da ta faɗo daga babur mako uku da suka wuce, yanzu yatsunta biyu kawai ke shiga bakinta. Ku yi hirar, sannan kowa ya rubuta jimla uku da zai miƙa a asibiti: ranar faɗuwa, inda ta daka, da abin da ya canza.

Sai lissafi. A ce kaurin kowane katako milimita 2 ne. An sallami yaro yana ɗaukar katako 14, likita ya ce a kai shi milimita 36. Milimita nawa bakinsa ke buɗewa ranar sallama, kuma katako nawa suka rage? Idan ana ƙara ɗaya kowane mako, mako nawa za a yi kafin a kai? Ku kawo amsa a zama na gaba.